Tambaya da Amsa: Shin Saiwa da Sassaƙe Suna Kashe Ƙwayoyin Cuta?

Wasiƙun da suka taru a wannan karo sun karkata ne ga batu guda, wato ko abin da ake tatsa daga ganye, saiwa da sassaƙe yana kashe ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya, da kuma ko za a iya dogara da shi a madadin maganin asibiti. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sashen nazarin ƙananan halittu, kuma bincikena a kan 'ya'yan bagaruwa ne. Na jiƙa garinsu a sinadarin etanol, na tace, na busar, sannan na narkar da miligiram 100 a kowace mililita guda. Na zuba kashi ɗaya cikin goma na mililita a ramin da na huda a faranti mai ɗauke da ƙwayar cutar Staphylococcus aureus. Washegari na tarar da da'ira mai faɗin milimita 18 wadda ƙwayar cutar ba ta tsiro a ciki ba, shi kuwa maganin asibiti siprofuloksasin da na gwada su tare ya ba da milimita 27. Shin zan iya rubuta cewa bagaruwa ta kusa kamo maganin asibiti? (Daga wata ɗaliba a Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika gani a farantinki gaskiya ne, kuma masu bincike da dama sun gan shi kafin ke, domin bagaruwa tana cikin tsirran da ke nuna ƙarfi a irin wannan gwaji. Sai dai jimlar da kike son rubutawa ba ta halatta ba, kuma alƙaluman da kika aiko da su sun isa su nuna miki dalili.

Saboda masu karatun da ba su taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, ga yadda aikin yake. Ana zuba wani daskararren abinci a faranti mai murfi, a shafa ƙwayoyin cutar a kansa, a ɗora 'yar takarda mai faɗin milimita 6 da aka jiƙa da magani ko kuma a huda rami a zuba shi, sannan a ajiye farantin kwana guda a cikin ɗumi daidai da na jikin mutum. Ƙwayoyin sukan hayayyafa su rufe ko'ina, ban da inda maganin ya nasa ya hana su, kuma faɗin wannan wuri ake aunawa. Kirby da Bauer da abokan aikinsu a Amurka ne suka daidaita wannan hanya a 1966, kuma sun yi hakan ne domin magunguna tsantsa waɗanda aka san nauyinsu da yadda suke nasa, ba domin ruwan itace mai ɗauke da sinadarai masu yawan gaske a cakuɗe ba.

To, mu yi lissafi. Kashi ɗaya cikin goma na mililita daga ruwan da ke da miligiram 100 a kowace mililita ya zama miligiram 10, wato maikrogiram 10,000. Ita kuwa takardar siprofuloksasin da ake sayarwa domin wannan gwaji maikrogiram 5 kacal take ɗauke da shi. Kin zuba bagaruwa ninki 2,000 na maganin, amma duk da haka da'irarta ba ta kai tasa ba. Bayan wannan, faɗin da'ira ya danganta da saurin nason sinadari a cikin abincin farantin: mai ƙananan ƙwayoyi da ke narkewa a ruwa yakan yi nisa ko da ba shi da ƙarfi sosai, mai maiƙo kuwa yakan tsaya kusa da ramin ko da yana da ƙarfi. Saboda haka gwada 18 da 27 ba ya gaya miki wane ne ya fi wani, balle da nawa.

Ma'aunin da ya kamata ki nema shi ne mafi ƙarancin adadin da ke hana ƙwayar cutar hayayyafa, wanda ake samu ta hanyar sirka ruwan rabi bayan rabi a jerin kwalabe har a kai inda ya daina aiki. Yawancin magungunan asibiti suna aiki a maikrogiram ɗaya ko biyu a kowace mililita, wasu ma ƙasa da haka nesa. A 2005 wasu masana harhaɗa magunguna biyu daga Sifen, Ríos da Recio, sun ba da shawarar da ake yawan komawa gare ta: a daina yayata ruwan itacen da sai ya haura miligiram ɗaya a mililita yake aiki, a mayar da hankali ga wanda ke aiki a ƙasa da maikrogiram 100. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan tarin kundayen da ɗalibanmu ke rubutawa duk shekara, kaɗan ne za su tsallake, kuma a ganina laifin ya fi komawa kan masu duba aikin da ba sa neman wannan mataki na biyu.

Akwai kuma abin da ya shafi bagaruwa ita kanta. Baurin da ake ji idan an tauna ta daga sinadarin tanin yake, wanda ke kama furotin ya ƙanƙame shi, kuma da shi ne majema suka daɗe suna jime fata a Kano da Sakkwato har ta daina ruɓewa. Tanin ba ya bambance furotin ɗin ƙwayar cuta da na abincin da ke cikin hanji ko na jikin mai shan sa, yana kama duk wanda ya fara cin karo da shi. Wannan ne ya sa yake da ban sha'awa a faranti amma ƙarfinsa ke raguwa ainun idan ya haɗu da jini ko mugunya. Za ki iya tabbatar da haka da kanki idan kika ƙara ɗan ruwan jini a kwalaben gwajin kika sake aunawa. Ki kuma gwada shi a kan E. coli, wata ƙwayar bakteriya da ke zama a hanji. Tun 1884 likitan Denmark Hans Christian Gram ya fito da rinin da ke raba bakteriya gida biyu, kuma gidan su E. coli da ƙwayar taifot suna da ƙarin ɓawo na waje tare da kafofin da ke fitar da guba kafin ta yi musu lahani, don haka ruwan itatuwa da yawa da ke kayar da Staphylococcus ba sa yi musu komai.

Kada ki manta da zuba sinadarin da kika narkar da garin a cikinsa shi kaɗai a wani rami, domin etanol ma yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma ki kai samfurin tsiron ma'adanar busassun tsirrai, irin wadda ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a tabbatar miki da sunansa a ba ki lamba. Abin da za ki iya rubutawa cikin gaskiya shi ne cewa ruwan bagaruwa, a wannan kauri, ya hana wannan ƙwayar cuta tsirowa a faranti.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗana mai shekara 12 ya yi kwana biyar yana zazzaɓi, aka yi masa gwajin Widal aka ce taifot ne. Maƙwabcina ya ce kada in ɓata kuɗi, in dafa ganyen darbejiya da na gwanda da na mangwaro in riƙa ba shi, domin an yi bincike a jami'a an ga suna kashe ƙwayar taifot. Me ka gani? (Daga wani magidanci a Gusau)

Amsa: Alhaji, Allah ya ba yaron lafiya. Ka kai shi asibiti yau, kada ka jira ganin sakamakon dahuwar ganye.

Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba da ya ce an yi irin wannan gwaji, amma a faranti aka yi shi, inda ruwan ganyen ke kwance a kan ƙwayar cutar kai tsaye. A jikin yaro kuwa Salmonella Typhi, wato ƙwayar taifot, ba ta zama a sarari. Takan ratsa bangon hanji ta shiga jini, ta ɓuya a cikin ƙwayoyin halittar hanta, saifa da ɓargo, ta kuma yi mazauni a matsarmama. Duk abin da aka sha sai ya tsallake ruwan ciki, hanji ya tsotse shi, hanta ta sarrafa shi, sannan abin da ya rage ya watsu a cikin lita masu yawa na ruwan jiki. Maganin da zai yi aiki dole ne ya isa waɗannan wurare da ƙarfinsa, ya kuma zauna a can dare da rana na tsawon kwanaki. Babu ganyen da aka tabbatar a kan marasa lafiya cewa yana yin haka ga taifot. Hatsarin jinkiri kuwa sananne ne ga duk likitan fiɗa a ƙasar nan: wajen mako na uku hanji yana iya hujewa, kuma daga nan sai tiyata. Kafin a sami magani, taifot yana kashe mutum 10 zuwa 20 cikin kowane 100 da suka kamu, amma da magani daidai a kan lokaci adadin yakan sauko zuwa ɗaya ko ƙasa da haka.

Shi ma gwajin Widal ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, domin yana yawan nuna taifot ga wanda zazzaɓin cizon sauro ke damunsa ko wanda ya taɓa yin cutar a baya. Ka nemi a duba jinin yaron domin maleriya, idan kuma asibitin yana da kayan aiki a shuka jinin a ga abin da zai tsiro da maganin da ke kashe shi.

Tarihin magunguna yana da abin lura a nan. Itatuwa sun ba duniya manyan magungunan maleriya biyu: kwinin, wanda masana biyu a Faransa suka ware daga sassaƙen wata itaciyar Kudancin Amurka a 1820, da atimisinin, wanda Tu Youyou da tawagarta a Sin suka ciro daga wani tsiro dangin tazargade a 1972, aikin da ya kai ta ga lambar yabo ta Nobel a 2015. Amma ƙwayar maleriya ba bakteriya ba ce. Magungunan bakteriya da ake sha ko ake allurarsu kusan dukkansu daga funfuna da ƙananan halittun cikin ƙasa suka samo asali, ko kuma haɗa su aka yi a masana'anta. Fenisilin daga funfunar da Alexander Fleming ya gani a farantinsa a Landan a 1928 ya fito, shi kuwa kuloramfenikol, wanda aka fara warkar da taifot da shi a 1948, daga wata ƙwayar halitta da aka samu a turɓayar Benezuwela. Misali mafi shahara na man itace da aka yi wa marasa lafiya allura da shi domin kashe bakteriya shi ne man caulmugra na Indiya domin kuturta, wanda Alice Ball ta sarrafa a Hawaii wajen 1915, kuma an ajiye shi da zarar magungunan salfon sun bayyana a shekarun 1940.

Ka kuma kiyaye man darbejiya musamman, domin likitoci a Indiya da Maleshiya sun ba da rahoton jarirai da ƙananan yara da suka yi amai, jijjiga da suma bayan an ɗura musu shi.

Tambaya: Ni mai maganin gargajiya ne, na gaji sana'ar daga mahaifina, kuma na haura shekara 40 ina yin ta. Ina ganin ku 'yan boko kullum raina gadonmu kuke yi. Kafin zuwan asibiti da me kakanninku suka rayu? (Daga wani dattijo a Maradi)

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Babu raini a tsakaninmu, kuma zan faɗi inda ilimin zamani ya tarar da ku a gaba. Duk inda ruwan itace zai taɓa ƙwayar cuta kai tsaye da kaurinsa, ba tare da ya bi ta ciki da hanta ba, nan ne yake da hujja mai ƙarfi, kuma nan ne iyayenmu suka fi amfani da shi. Asuwakin itacen arak da alhazai ke tsaraba daga Saudiyya yana ɗauke da wani sinadari mai yaji wanda masu bincike a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka nuna yana kashe ƙwayoyin da ke lalata dasashi, kuma da yake sinadarin mai tashi ne a iska, ɗanyen asuwaki da ake yanke bakinsa a kai a kai ya fi wanda ya bushe a aljihu. Asuwakin marke ma ya nuna ƙarfi a gwaje-gwajen jami'o'in Nijeriya. Man kanumfari, wanda mafi yawansa sinadarin yujinol ne, har yau likitocin haƙori suna kwaɓa shi da wani farin gari su cike ramin haƙori da shi na wucin gadi.

Akwai ma wata hikima a cikin al'adarku ta haɗa itatuwa. A shekarar 2000 wasu masu bincike a Amurka sun nuna cewa wani tsiro da ke yin sinadarin baberin, wanda shi kaɗai ba shi da ƙarfi domin Staphylococcus yana fitar da shi waje, yana kuma yin wani sinadari na biyu da ke toshe kafar fitarwar, sai na farkon ya taru a ciki ya yi kisa. Irin wannan bincike duniya na matuƙar buƙatarsa, domin wani babban nazari da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Hanyar kai gado ga asibiti ma an taɓa bin ta a Abuja, inda Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya na masoro, kanumfari, karan dafi da wani itace, ta gwada shi a kan masu amosanin jini, ya zama Niprisan.

Amma tambayarka ta ƙarshe tana da amsa mai ɗaci. Kakanninmu sun rayu, sai dai sun binne 'ya'ya da yawa saboda ciwon huhu, sanƙarau, atuni da zazzaɓin bayan haihuwa, kuma waɗannan su ne cututtukan da ƙwayar ke shiga jini da huhu da ƙwaƙwalwa, inda jiƙo ba ya kaiwa. Matsala ta biyu ita ce awo, domin sassaƙen da aka sara da rani da wanda aka sara da damina, ko na tsohuwar itaciya da na matashiya, ba ƙarfinsu ɗaya ba, alhali da ludayi guda ake auna su. Ta uku ita ce guba mai ɓoyewa. A farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 a Beljiyam sun sami lalacewar ƙoda bayan sun sha haɗin rage ƙiba da aka sa wa wani tsiro dangin duman dutse, wasunsu kuma daga baya suka kamu da sankarar hanyoyin fitsari, kuma ba a ranar da aka sha irin wannan lahani yake bayyana ba. Roƙona gare ka da abokan sana'arka shi ne ku riƙa tura mai zazzaɓin da ya wuce kwana biyu, mai sarƙewar numfashi, mai sandarewar wuya da mai jego mai zafin jiki zuwa asibiti, kuma ku tsawata wa ɓatagarin da ke fasa kafso suna zuba garin a jiƙo domin a ce maganinsu yana ci.

Tambaya: Malam, na yi gwaji an ce ina da “staf”, mai magani a mota ya ce shi ke hana ni haihuwa, ya sayar mini da jarka biyu mai lambar NAFDAC, wata ƙawata kuma ta ce in riƙa tsarki da ruwan bagaruwa. Ina mafita? (Daga wata matar aure a Kaduna)

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo masu albarka. Staphylococcus aureus, wato “staf” ɗin da aka ce kina da shi, yana zaune a hancin kusan mutum ɗaya cikin uku na masu cikakkiyar lafiya, yana kuma kan fata, don haka sau da yawa ganin sa a sakamakon gwaji yana nufin audugar ɗaukar samfurin ta shafi fata ne kawai. Yana haddasa maruru da ruɓewar rauni, wani lokaci har ya shiga jini, amma ba ya cikin sanannun cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, kuma masu lasifika sun ɗora masa laifin da ba nasa ba domin kasuwa. Waɗanda ke toshe hanyar ƙwai su ne ciwon sanyi na gonoriya da kilamidiya, kuma suna iya yin ɓarna shiru yayin da ake shan jarka, ga shi maganinsu sai an haɗa da maigida. Shi ma ya kamata a gwada shi, domin matsalar haihuwa takan fito daga ɓangaren namiji kamar yadda take fitowa daga na mace.

Gaban mace yana da nasa bakteriya masu amfani da ke sa wurin ya yi tsami ya hana miyagu zama, kuma wanke ciki da ruwan bagaruwa ko cusa tafarnuwa yana kashe su ya busar da fatar wurin har ta tsage. Lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L kuwa shaida ce cewa an duba kayan ba a ga guba ta nan take ba, ba shaida ce cewa an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa ba. Ki ga likitan mata.

Tambaya: Gaskiya ne tafarnuwa da zuma sun fi antibayotik, kuma zan iya sa su a gyambo? (Daga wani matashi a Kumasi)

Amsa: Ɗan'uwa, ba su fi shi ba, amma kowannensu yana da gaskiyarsa. Tafarnuwa ba ta da sinadarin alisin sai an daka ta ko an tauna, kuma Cavallito da Bailey ne suka ware shi a Amurka a 1944 suka nuna yana kashe bakteriya iri-iri. Sai dai wuta tana hana shi samuwa, kuma jiki yana sauya shi da sauri har ba a samun sa a jinin wanda ya ci. Kada ka ɗaure ɗanyar tafarnuwa a kan fata, domin tana ƙuna har ta yi bororo.

Zuma ta fi dacewa da rauni. Ruwanta kaɗan ne, ƙasa da kashi 20 cikin 100, don haka tana zuƙe ruwan jikin ƙwayar cuta, tana da ɗan tsami, kuma idan ta haɗu da danshin rauni takan saki ƙaramin adadin sinadarin nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Asibitoci a ƙasashe da dama suna amfani da zumar da aka tsarkake ta musamman wajen ɗaure ƙuna da gyambo. Ta kasuwa kuwa ba a tsarkake ta ba, kuma sau da yawa an sirka ta da sukari. Idan ƙaramin rauni ne na sama, a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a shafa zuma mai kyau, a rufe, a canza kullum. Gyambon da ya yi zurfi, ko yake wari, ko jan da ke gefensa yake faɗaɗa, ko yake ƙafar mai ciwon sukari, na asibiti ne, kuma a tambayi allurar tetanus. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma a baki, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye masa jiki.